Tsohuwar da Ta Koyi Rubuta Sunan Mijinta

Na je Kuala Lumpur karatun digiri na uku ne tare da 'yata guda ɗaya, lokacin tana 'yar firamare, mahaifinta kuma ya zauna a Kano saboda aikinsa. Mun samu gida a Taman Melati, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan da ɗalibai suka cika, ba nisa da tashar jirgin LRT. Bincikena a kan koya wa yara karatu da harshen uwa ne, amma kafin mu cika shekara, in na ce wa 'yar tawa ta zo ta wanke hannu, sai in ji ta amsa da Malayanci, "Boleh lah, Umma." Hausar tana jinta sarai, mayarwa ce ta fara yi mata nauyi.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata mata doguwa, siririya, mai kaurin gira, ita ma da 'yarta sa'ar tawa. Ranar da muka fara magana a cikin lifta ne, ruwan sama ya jiƙa mu duka. Na yi mata sallama, na ɗora da ɗan Larabcin da na samu a Islamiyya, na tambaye ta daga wace ƙasar Larabawa take. Ta amsa sallamar, sannan ta juya zuwa Turanci.

"Fasfona na Iraƙi ne," in ji ta, "amma ni ba Balarabiya ba ce. Bakurdiya ce."

A lokacin abin da na sani game da Kurdawa bai wuce sunansu da nakan ji a rediyo ba, shi ma sai in ana zancen yaƙi. Na ba ta haƙuri. Ta yi murmushi ta ce ta saba, ko direbobin tasi haka suke yi mata.

Daga nan zumunci ya ƙullu. Tana karatun haɗa magunguna, mijinta yana can gida yana koyarwa. Mata biyu ba maza a gida, kowacce da yarinya da tulin karatu, sai muka raba wahalar. In ta makara a ɗakin gwaji, ni ke ɗauko yaran daga makaranta. In ni ce ke da ganawa da malamin da ke duba aikina, ita za ta biya shagon mamak, irin gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi, ta yo mana tapau, wato abincin da ake ƙunso wa mutum ya tafi da shi gida. Falonta kuwa cike yake da littattafai, kuma kaɗan ne a ciki suka shafi magani. Waƙoƙi ne da labarai da Kurdanci, waɗanda take cika akwati da su duk zuwan da ta yi gida, har tufafi su rasa wuri.

Wata safiya ta buga mini ƙofa, ga manyan kwalaye a gabanta.

"'Yar'uwata, ki ajiye mini waɗannan a wajenki. Daye za ta zo."

Daye shi ne yadda suke kiran uwa. Na ce ai sai a ɗan matsa a yi mata wuri, ba sai an kwashe littattafai ba. Ta ce ba maganar wuri ba ce, ba ta son ganinsu ne. Ban ƙara tambaya ba. Muka ja kwalayen muka tura su ƙarƙashin gadona.

Daye ƙaramar tsohuwa ce, kullum cikin baƙaƙen kaya da farin ɗankwali, hannayenta kuma kamar na wadda ta yi noma. Da na kai 'yata ta gaishe ta, yarinyar ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Kaka." Tsohuwar ta dubi 'yarta, ta tambayi wani abu, sai duk suka fashe da dariya. Ashe a harshensu kaka yana nufin yaya namiji. Daye ta shafa haɓarta kamar mai neman gemu, ta ƙara tuntsirewa. Tun daga ranar sunan ya bi ta, har jikarta ma ta koma kiranta da shi.

Ni kuma na yi zaton Larabci zai haɗa mu, tunda ba ta jin Turanci. Na zauna kusa da ita na tambaye ta ya hanya, ya mutanen gida. Nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta miƙe ta shige kicin. Ƙawata ta taɓa hannuna ta ce kar in damu, tana jin Larabcin, amma ba ta magana da shi sai a salla. Don haka muka koma zance da hannu da ido, in abin ya faskara a kira mai fassara.

A haka ma mun saba. Takan kifa kaskon suya irin na Sinawa a kan murhun gas ta gasa gurasa a bayansa, siririya kamar takarda. Ni kuma na koya mata cin gurasar da miyar kuka, ta ce miyar ba kyan gani amma akwai daɗi. Sai dai na lura da wasu abubuwa. Akwai wata jaka da ba ta taɓa barin bayan ƙofa ba, kuma ba a buɗe ta. Takalmanta kullum bakinsu yana kallon waje. Ba ta zama ta ba taga baya. In an ci abinci, sai ta tattara gutsattsarin gurasa ta ɗaure a ƙyalle ta soke a aljihu. Na ɗauka halin tsufa ne, don mu ma muna da tsofaffi masu ɓoye goro a gefen zane har ya bushe.

Sai ga lokacin jerebu ya zo. Haka mutanen ƙasar ke kiran hayaƙin da iska ke kwasowa daga dazuzzukan da ake ƙonawa, ya zo ya lulluɓe birnin. Shekarar ya yi tsanani. Muka wayi gari dogayen gine-ginen tsakiyar gari sun ɓace, rana ta koma ja, maƙogwaro yana ƙaiƙayi. Aka rufe makarantun yara. Ina da ganawa a jami'a, don haka na bar 'yata a gidan ƙawata na fita.

Da na dawo wajen azahar, na tarar ruwa yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofarsu. Na buga, shiru. Na murɗa na tura da ƙyar, ashe jiƙaƙƙun tawul ne aka cusa a ƙasan ƙofar. Duk tagogin an toshe su da zannuwan gado masu ɗigar ruwa. Na ji kukan 'yata daga banɗaki. Na ruga na tarar Daye a zaune a ƙasa cikin ruwa, ta rungume yaran biyu, ta danne musu hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, tana ta maimaita wasu kalmomi da sauri. Jikarta ba ta ko motsi, ta yi lamo kamar wadda ta san abin da ake yi. Tawa ce ke ta mutsu-mutsu.

Na ƙwace 'yata, na fito ina kiran ƙawata da ƙarfi, raina a ɓace. A kicin na same ta. Matar da ta fi ni sanin mene ne hayaƙin nan da abin da ke cikinsa, tana tsugune tsakanin firji da bango, ta rufe kai da hannaye, haƙoranta suna kaɗawa. Na manta da faɗan da na zo da shi. Na ajiye yarinyar, na durƙusa na riƙe ƙawata har jikinta ya lafa.

Bayan hayaƙin ya washe, ta ce mu kai yaran bakin tafkin Titiwangsa su hau keke. Muka zauna a kan benci muna kallonsu, a nan ta ba ni labari.

Ƙauyensu a cikin duwatsu yake. Mahaifinta shi ne malamin makarantar ƙauyen, mutum mai son littattafai, har da irin waɗanda gwamnatin wancan zamanin ta hana a riƙe. Tana goye a bayan Daye ranar da jirage suka zo suka zuba wani hayaƙi a kwarin da ke ƙasa da su, tsuntsaye suka riƙa faɗowa, awaki suna mutuwa a tsaye. Daye ta jiƙa ɗankwalinta a rafi ta rufe mata fuska, suka hau dutse. Waɗanda suka tsira sojoji suka tare su a hanya. Aka ware maza gefe guda, har da samari. Mahaifinta da yayyenta biyu suna cikin waɗanda aka loda a manyan motoci. Ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, ba gawa, ba kabari.

"Daye ta yi imani littattafai ne suka jawo mana," in ji ta. "An ɗauki makiyayan da ko harafi ba su sani ba, amma ba ta jin wannan. Da ta samu komawa kangon gidanmu, ta tono sauran littattafan da ya binne, ta cusa su a tanderu."

Na ce, "Amma ga shi ta bar ki kin yi karatu."

"Ta sa ni dai. Da wankau da gasa gurasa ta riƙe ni a makaranta. Sharaɗinta ɗaya ne: in karanta abin da ko soja zai buƙace ni a kansa. Ban da waƙa, ban da labari. A ɓoye na karanta su, a gidan ƙawaye. A cikinsu na fara sanin abin da ya same mu, don ita ba ta taɓa faɗa mini ba. Ko sunan mahaifina ba ta kira."

Ta juya tana kallon yaran. Can ta ce ita ba ta tuna komai na ranar, ai jaririya ce. Amma in jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta saman jami'a, sai ta tsinci kanta a ƙarƙashin tebur, abokan aikinta suna kallonta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne 'yarta. An haife ta cikin zaman lafiya, ta tashi a nan, ba wanda ya taɓa ba ta labarin, amma tana ɓoye gurasa a ƙarƙashin matashi, kuma duk inda suka shiga sai ta fara neman ƙofar fita.

"Wa ya koya mata? Ni ce, ko? Ba tare da na buɗe baki ba."

 Na dai ce, in yarinya ta gaji tsoron, ai ya kamata ta gaji harshen ma, don a lokacin ita ma da Turanci da Malayanci take amsa wa kakarta. Maganar ta fito ne kawai don kar in yi shiru, amma ƙawata ta riƙe ta.

Haka muka fara zaman Asabar. Bayan karin kumallo mu baje a teburin falonta, ita tana koya wa tata haruffan Kurdanci, ni ina fama da tawa a kan Hausa. Na yanka kwali na yi musu katuna irin waɗanda nake rubutu a kansu a bincikena, harafi a gaba, hoto a baya.  Daye kuwa da ta ga takarda a kan tebur sai ta ɗauki ƙullin gurasarta ta koma kicin ta ja ƙofa.

An jima a haka. Sannu a hankali ƙofar ta fara zama a buɗe. Wata Asabar ƙawata ta nuna hoton rumman ta faɗi sunansa, sai muka ji murya daga kicin tana gyara mata, wai wannan furucin mutanen birni ne, a ƙauyensu ba haka ake cewa ba. Mako na gaba ta fito da tiren shinkafa tana tsinta, ta zauna a ƙarshen tebur, ta ɗan juya mana kafaɗa.

Abin da ya jawo ta gaba ɗaya bai zo mini a rai ba. Na lura haruffan da ƙawata ke rubutawa na Larabci ne da 'yan ƙare-ƙare, sai na ce ai mu ma muna da irinsa. Na ɗauki alƙalami na rubuta sunan 'yata da sunan garinmu da ajami, yadda Inna, mahaifiyata, ta koya mini tun ina ƙarama. Daye ta leƙo ta tambayi 'yarta me na rubuta da Larabci. Aka ce mata ba Larabci ba ne, harshenmu ne. Ta sa aka maimaita mata. Ta ja takardar gabanta ta daɗe tana kallo, sannan ta yi tambaya, ƙawata ta fassara:

"Wai ku ma an ƙone muku gari saboda wannan?"

Na ce a'a, kakanninmu sun yi ta rubuta waƙoƙi da wasiƙu da shi, har tsofaffin mata.

"Mata?" in ji ta. Ta ture tiren shinkafar gefe, ta faɗi wata kalma guda ɗaya. Na ga fuskar ƙawata ta canza. Sunan mahaifinta ne, kuma ranar ce ta fara jinsa daga bakin uwarta. Daye tana so a nuna mata yadda ake rubuta shi.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Yatsunta sun ƙage, idonta ya yi rauni, fensir yana karyewa a hannunta saboda yadda take danna shi. Abin da ta koya wannan Asabar, ta gaba ya gudu. Wani lokaci ta yi fushi ta watsar ta ce kanta ya riga ya bushe. Jikarta ce ta fi kowa haƙuri da ita, tana riƙe mata hannu suna jan harafin tare, tana yi mata bayani da Kurdancinta mai tsalle-tsalle, tsohuwar tana gyara mata magana, ita kuma tana gyara mata rubutu.

A wajen wannan teburin bakin Daye ya buɗe. Ba ta taɓa ba da labarin ranar jiragen ba, ko sau ɗaya. Na kafin ranar take bayarwa. Ta ce mijinta bai iya hawan jaki ba, yaran makaranta har waƙa suka yi masa. Ta ce yakan zauna a gindin ɓaure da la'asar yana karanta mata waƙoƙi da ƙarfi, ita kuma tana yi kamar ba ta ji, tana ce masa ya tashi ya gyara rufin ɗaki. Babban ɗanta ɓarawon zuma ne, ƙaramin kuma tsoron kaji yake ji. Ƙawata tana fassara mini tana dariya, hawaye yana zuba. Ta ce mini daga baya, duk rayuwarta ta san mahaifinta a matsayin wanda aka ɗauke a mota, ba ta taɓa sanin mutum ne mai ban dariya ba.

Rannan ƙawata ta yi ƙarfin hali ta shigo ɗakina ta zaro littafi ɗaya daga kwalin, tsofaffin waƙoƙinsu. Ta zauna ta fara karanta wa 'yarta a hankali, tana satar kallon uwar. Daye ta ci gaba da murza ƙulli. Da aka kai wani wuri sai leɓunanta suka fara motsi, tana bin waƙar, har ta riga mai karatun isa ƙarshen baiti. Ashe waƙar tana cikin waɗanda mijinta ke karanta mata a gindin ɓauren. Bayan kwana biyu ta tambayi ina sauran littattafan suke. Da aka faɗa mata, ta ce abin kunya ne a ɗora wa maƙwabciya kaya, a je a kwaso su.

Ba zan ce ta warke ba. Jakar tana nan a bayan ƙofa, kuma ƙarar wasan wuta na bukukuwan Sinawa yakan hana ta cin abinci. Amma jikar ta daina ɓoye gurasa, ko da yake ba wanda ya san ranar da ta daina.

Ana cikin haka nawa ya same ni. Mu asalinmu ba 'yan Kano ba ne, daga wani ƙauye muke a ƙasar Katsina, kuma Inna ta ƙi barinsa duk yadda muka yi da ita. Yayana ya kira ni ya ce 'yan bindiga sun shiga garin a kan babura, sun kore shanu, sun kashe mutane, har da Kawu, ƙanen Inna, a ƙofar gida a gaban idonta. Ya kwaso ta tare da iyalinsa, sun sauka a gidanmu a Kano. Inna mace ce mai surutu da tatsuniya, wadda ko daka take yi sai da waƙa. Amma duk sanda na kira, abin da take cewa bai wuce, "Lafiya lau, ki yi karatunki," sai ta miƙa wayar.

Ƙawata ta ce, "Ki je ki zauna da ita. Kar ki tambaye ta ranar. Ki tambaye ta abin da ya gabaci ranar."

Na shirya tafiya a hutun yara mai zuwa, har na fara sayen tsaraba. Kafin hutun ya zo annoba ta ɓarke, aka rufe filayen jirgi, aka hana fita sai sayen abinci. Aka kafa shingaye a tituna, da sojoji da waya mai ƙaya. Daga tagar falon ƙawata ana hango ɗaya. Sojojin ba sa yi wa kowa komai, takarda kawai suke dubawa, amma Daye ta ga abin da ta gani. Ta daina zuwa tebur. Ta daina gasa gurasa. Ƙafafunta suka fara kumbura, likita ya ce zuciya ce.

A cikin kullen nan Inna ta rasu. Da hantsi mijina ya kira ni. Ya ce ba ta yi wata doguwar jinya ba, abinci ne ta rage ci, ta rage, har ta kwanta. Aka yi jana'iza ina zaune a kan tabarma a Taman Melati, waya a hannuna. 'Yan'uwanmu Hausawa na Sri Petaling da sauran unguwanni ba su da halin zuwa, ta waya suka yi ta yi mini gaisuwa.

Daye ce ta tako, tana dafa bango, ta tsallako ƙofarmu. Ta zauna kusa da ni a ƙasa ta ɗora hannu a gwiwata. Kullum haka, har kwanakin makoki suka wuce, ba ta cewa komai. Rana ɗaya ta zo da gurasa mai zafi, ta farko da ta gasa tun da aka kafa shingen. Na girgiza kai. Sai ta ce da ni da Larabci, a fili, ba mai fassara, "Ci, 'yata. Uwarki ba za ta so haka ba." Na ci ina kuka, ita ma tana yi.

Da aka fara barin jirage su tashi, Daye ta ce a mayar da ita gida, ba ta son a binne ta a ƙasar da ba duwatsu irin nasu. Ƙawata saura kaɗan ta gama karatunta, amma abubuwan da take gwaji a kansu sun lalace a watannin da ɗakin gwajin yake rufe, sai an sake daga farko. Ta ce za ta kai ta ta dawo. Zuwa lokacin Daye ta iya rubuta sunaye uku, na mijinta da na 'ya'yanta maza, a karkace, manya-manya. Nata sunan ba ta kai ga koya ba. Ta ce wannan sai sun isa gida.

Ban samu raka su filin jirgi ba saboda dokar hana cunkoso. A bakin lifta muka yi sallama. 'Yata ta riƙe rigar tsohuwar ta ƙi saki, sai da na ɓamɓare hannunta.

Daye ba ta daɗe ba bayan isarsu ta rasu. Ƙawata kuma ba ta dawo ba. Ta samu ciki, mijinta ya kwanta ciwo, wa'adin da jami'a ta ba ta ya ƙare. Yanzu tana sayar da magani a wani kanti a garinsu. Na sha ce mata ta nemi a sake ba ta dama, takan ce in sha Allahu, ni kuma na san irin wannan in sha Allahun. Da farko muna magana kowane mako, yanzu sai da salla. Abin da ke faranta mata shi ne 'yarta, wadda ta shiga sakandare kuma tana rubuta labarai da Kurdanci, har malamai suna karanta su a aji. Ni da na gama nawa digirin, duk sanda na ga hoton bikin a bango sai in tuna wadda ta fi ni ƙwazo ba ta samu nata ba.

Na dawo Kano na tarar da ɗakin Inna an mayar da shi na yara. Ƙauyenmu har yanzu ba kowa, an ce makarantar firamaren da na yi ma an kwashe kwanon rufinta. Yayana ya samu haya a bayan gari, ya bar mini babbar 'yarsa tana karatu a wajena. Yarinya ce mai hankali, amma in babur ya wuce da gudu ta ƙofar gida sai kofi ya suɓuce mata.

Kwanakin baya muna tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Gwaggo, wace waƙa ce Inna take yi in tana daka? Ina so in rubuta ta, malamarmu ta ce kowa ya kawo waƙar garinsu."

Na buɗe baki na rera farkonta, sai na tsaya. Sauran ya tafi. Na kira Yaya, ya ce shi namiji ina zai sani. Sai na tuna da wata aminiyar Inna da aka ce ita ma ta yi gudun hijira tana zaune wajen jikanta a can bayan gari. Muka hau adaidaita muka yi ta tambaya har muka same ta, kwance a wani ɗaki da ba a gama gininsa ba. Ta gane ni, ta yi kuka, ta sa mini albarka. Da na kawo maganar waƙar, ta lumshe ido ta yi baiti biyu da muryar da ba ta fita sosai, yarinyar tana rubutawa da sauri. Tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce akwai saura da yawa, har da wurin da ake ambaton rijiyoyin garin da sunayensu, amma yau kanta ba ya kawowa, mu dawo wani lokaci.

Muka fito. A hanya yarinyar ta haɗa nawa da na tsohuwar ta karanta mini, ta ce, "Gwaggo, bai kai rabin shafi ba."

Na ce ta kai shi makaranta haka nan, ta faɗa wa malamar iya abin da muka samu ke nan.